Sunan Mai Jirgi

Sabon Gari, Wudil

Zuwa ga Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can Ekiti, kai da abokan bautar ƙasarka, mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Da hannuna na rubuta wannan. Ƙanwarka Hanifa za ta ɗauki hotonta ta turo maka, don ni ba zan tsaya ina surutu ni kaɗai a bakin waya kamar mai tallan magani ba.

Kafin in shiga maganar da ka aiko, bari in tuna maka wanda kake yi wa bayani. Ni Garzali Isyaku, daga aji uku na sakandare na baro Dagumawa, da rigar jikina kawai. Na tura baro a kasuwar Wudil. Na yi dakon ruwa a kara, wajen masu shanu, ranar Juma'a. Gyaran injin ban ruwa a bakin kogi na koye shi, da idona, ba ubangida. Injin niƙan da ke ciyar da gidan nan a mace na saye shi, ni na tashe shi. Ni na fara buɗe gidan kallon ƙwallo a layinmu. Na gina gida, na kai ka jami'a, babu wanda zai buɗe baki ya ce ya ba ni ko allura. Ita kanta kwamfutar gem ɗin nan taka, kai dai ka rubuta sunayen kayan a takarda, amma wa ya bi shagunan masu tsofaffin kaya a Kano ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya? Wa ya haɗa? Wa ya yanka mata ƙarfen gefe ya sa mata fanka?

To, ka aiko cewa faifan ajiyar da ke cikinta ya gaji, in je wajen Bilya mai kwamfuta in sayi wani abu wai shi esesdi, ya kwashe aikinka ya zuba a ciki. Na je. Bilya ya ɗauko mini wani ɗan abu falle ɗaya kamar biskit. Na ɗora a tafin hannu, ban ji na ɗauki komai ba. Na kara a kunne, shiru. Na ce, “Ina abin da ke juyawa a ciki?” Ya ce babu. Na ce, “To da me yake aiki, da addu'a?” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Sai na hango had disk, irin faifan nan naka da ya gaji, a kan kantar shagon, babba, na hannu ne amma mai tsabta. Ƙarfe ne, da nauyinsa. Da aka jona shi na ji yana juyawa a hannuna, yana numfashi. Bilya da bakinsa ya ce yana cin kaya ninki huɗu na biskit ɗin, kuma kusan farashinsu ɗaya. Ko yaron goye ka tambaya tsakanin buhu da kwano, ya san wanda zai nuna. Shi na ɗauka. An juye komai naka a ciki, tsohon kuma na bar wa Bilya a matsayin ciko, tunda ba shi da sauran amfani.

Abu na biyu. Na fito da kwamfutar daga ɗakinka na kai ta shago, ɗakin da ke jikin injin niƙa, inda wuta take duk lokacin da inji ke aiki. Samarin unguwa suna zuwa buga ƙwallo da tseren mota, duk gem ɗinsu sun shige ciki har da sauran wuri. Da biskit ɗinka ne da tuni ya cika. Shi kuwa wasan nan naka da ka ƙarar da shekarun jami'a kana ƙirƙira, na mai jirgin da ke ƙetarar da mutane a kogin Wudil, yana nan, ban bar kowa ya taɓa ba.

Ka riƙe salla, ka kula da abin da kake ci a wajen mutanen nan. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Garzali Isyaku Dagumawa

*

Jihar Ekiti

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina fatan Hanifa da maƙwabta duk lafiya. Nan aiki alhamdu lillahi, ruwan sama ne dai ba ya ɗaukewa.

Baba, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ban taɓa mantawa ba. Ba don raini nake wannan magana ba, don Allah ka saurare ni.

A cikin had disk akwai faranti mai juyawa da gudu, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa, kamar garmaho, sai dai ita ba a so ta taɓa farantin ko kaɗan. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. In aka girgiza shi yana cikin aiki, allurar tana kartar farantin, kuma duk inda ta karta abin da ke wurin ya tafi. Baba, ka fi kowa sanin yadda ɗakin nan yake in inji ya tashi. Kofin shayi ma tafiya yake yi a kan tebur. Kuma wannan faifan na hannu ne, ba mu san wahalar da ya sha kafin ya zo wajenmu ba.

SSD ba shi da abin da ke motsi, shi ya sa ka ji shi shiru. Girgiza ba ta dame shi ba. Gem ɗin da had disk zai daɗe yana lalube kafin ya buɗe, shi nan take ne. Gaskiya ne ba ya cin kaya da yawa, amma ni ba yawa nake nema ba. Mai ƙaramin ƙarfi irinmu, yakan sa abin da ba ya so ya rasa a SSD, tarkacen gem ɗin da ko sun ɓata za a sake samu ya zuba su a had disk.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tsohon faifan da ka bar wa Bilya. Na kira shi, ya ce ya goge ya sayar. Ke nan yanzu aikin nan a wuri ɗaya tak yake a duniya, kuma wurin yana jikin injin niƙa. Abin da na taho da shi a filas ƙashin aikin ne kawai, kogi da jirgi. Muryoyin da na ɗauka duk suna can: na 'yan kara, na masunta, da ta Umma, Allah ya jiƙanta. Wayar da na ɗauke ta da ita ta daɗe da mutuwa. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan.

Ina roƙonka, ko dai a mayar da kwamfutar ɗakina a kashe ta har in dawo, ko a sayi SSD ɗin ko ƙarami ne, Bilya ya juye wasan kaɗai a ciki. Zan turo daga alawus ɗina.

Ka yafe mini in na yi tsawon baki. Allah ya saka maka da alheri.

Ɗanka,
Mudassir

*

Sabon Gari, Wudil

Babba,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso wayar Hanifa, ta karanta mini, na sa ta sake karantawa.

Alawus ɗinka ka riƙe ka sayi takalmi. Ban kai matsayin da ɗana zai saya mini kayan aiki ba tukuna.

Ka ce girgiza. Kana ganin ban yi tunaninta ba? Na yanka tsohon tub na mota na ninka na shimfiɗa mata a ƙasa, irin yadda nake yi wa janareta. Ka ce yana jinkirin buɗewa. To sai me? Mutum ya zauna ya jira. Ku yaran yanzu komai sai a ce muku ga shi nan take. Ni jiran ba ya damuna ko kaɗan.

Gaskiya kwanan nan yana ɗan yin wani ƙas-ƙas in ya tashi, amma na san irin kukan nan, kukan ƙarfe ne da ke neman ya zauna daidai. Tun ba a haife ka ba nake sauraren inji. Wanda zai mutu na san muryarsa, wannan ba ita ba ce. Abin da zan ji tsoro shi ne wancan naka da ba ya kuka, ranar da zai tafi ba sallama.

Maganar a mayar da ita ɗakinka a rufe, ba za ta yiwu ba. Ina da dalilina. Yanzu kaka ta yi, mutanen Achika da na Dagumawa sun cika ƙofar shago da buhunan gero da masara, inji ba ya hutawa, ni ma haka. In aiki ya lafa zan duba maganarka.

Ita kuma marigayiya ba sai ka tuna mini da ita ba.

Allah ya tsare.

Mahaifinka,
Garzali Isyaku

*

Sabon Gari, Wudil

Yaya Mudassir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aiki, ya baƙunta? Baba bai san ina rubuto maka ba. Na ɗauki waya zan kira ka na kasa, na san kuka zan yi ba za ka ji komai ba.

Yaya, faifan ya mutu.

Ranar kasuwa ce, inji ya wuni yana niƙa, samari suna cikin buga ƙwallo sai allon ya daskare. Aka kashe aka kunna, sai ƙas, ƙas, ƙas, ba ta ƙara tashi ba. Baba ya sallami kowa. Washegari na iske shi a tsakar gida ya shimfiɗa buhu, ya ciro faifan. Kusoshinsa wasu irin ƙanana ne masu kan tauraro, sai ya ɗauki sukudireba ya goga ta da magagari har ta shiga. Na ce, “Baba, ba za ka bari a tambayi Yaya ba?” Ya ce, “Yayanki ne ya haife ni?”

Da ya buɗe, farantin yana ƙyalli kamar madubi, sai wani zobe mai duhu da ya zagaye shi. Ya ce, “Kin gani? Ƙurar gari ce ta shiga ta daskare. Ɗauko mini fetur.” Na ce ni dai hankalina bai kwanta ba. Ya ce, “Kafireta nawa na wanke a gabanki suka tashi?” Yaya, ni na miƙo masa galan ɗin. Ya sa buroshi ya wanke shi tas, ya goge da tsumma, ya shanya a kan tire a rana. Zoben bai fita ba. Ya ƙara gogawa. Da ya mayar ya jona, ko ƙas-ƙas ɗin ma babu.

Ni na raka shi Kano, shagon da ya sayo faifan. Bilya ya juya abin a hannunsa, ya shanshana, ya ce, “Baba, fetur nake ji?” Sai ya ce da ba a buɗe ba akwai masu aikin da za a iya gwada kai wa, ko da rabi ne a ceto, amma yanzu sai haƙuri. Baba ya ce masa ɗan koyo ne, shi ya sayar masa da mai ciwo tun farko. Ya naɗe faifan a hankici ya sa a aljihu.

Akwai abin da ya kamata ka sani, don kada ka ɗauka saboda samarin nan ya ƙi mayar da ita ɗakinka. Ka tuna ranar da ka ɗauki muryar Umma? Tana tsinkar zogale a ƙofar ɗaki, ka ce ta yi maka muryar matar da ke kiran mai jirgi daga gaɓa, kuma ka sa wa mai jirgin sunan Baba. Ta ce, “Ni? In kama sunan babanku da bakina? Kai dai ba ka da ta ido.” Ka ce ai ba Baba ba ne, mai jirgi ne. Ta yi ta ƙi, ka yi ta naci, daga ƙarshe ta rufe baki da mayafi ta ce, “Garzali, kawo jirgin nan mana, rana tana yi!” sai ta fashe da dariya ta jefe ka da kara. Ka bar dariyar a ciki ba ka yanke ba.

Ka san tunda aka yi aurensu Malam take ce masa. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ranar ba ya gida. Sai bayan ka tafi ya buɗe wasan ya ji.

Kullum in na kai masa koko da safe, kafin ya tayar da inji, a gaban kwamfutar nake samunsa. Ba wasan yake yi ba, bai ma iya tuƙa jirgin ba. Yana zaune ya harɗe hannu, faifan yana ta lalube, shi yana jira. In ta kira shi ta yi dariyar, sai ya rufe ya sake buɗewa, ya sake jira. Da ya ji motsina sai ya ce gwada lafiyarta yake yi. Ɗakinka babu wuta sai an kawo, kuma ni ina tsakar gida zan ji. A shago kuwa yana da ɗan batirinsa, ba kowa. Shi ne dalilin da ya ce maka yana da shi.

Yanzu ma yana fita shagon da sassafe. Teburin ba komai a kai, amma a wurin yake zama. Abinci sai ya ɗan taɓa. Don Allah, Yaya, ko layi biyu ne ka rubuto masa.

Ƙanwarka,
Hanifa

*

Jihar Ekiti

Hanifa,

Wa alaikumus salam. Na gode. Kada ki ɗora wa kanki maganar galan, ko ba ki miƙo ba zai tashi ya ɗauko.

Na karanta saƙonki a ɗakin malamai, na fita bayan aji na tsaya. Na yi ƙoƙarin in ji muryar a kaina. Kalmomin suna nan, amma dariyar ta ƙi zuwa daidai. Tun yanzu ke nan. Ina ga nan gaba?

Ba zan ce miki ban ji haushi ba. Na roƙe shi, Hanifa, da duk ladabin da na iya. Abin da kika gaya mini na zamansa da safe kuma bai rage mini komai ba, ƙara mini ya yi. Da ya gaya mini, da na sa an juye masa ita a waya, ya saurara har ya gaji. Kalma ɗaya kawai zai faɗa. Ya gwammace ya yanka tub.

Na zauna zan rubuta masa, na rubuta sallama, na tsaya. Duk abin da zan ce bayanta, ko dai ƙarya ne ko rashin kunya, kuma ba na son ko ɗaya.

Wasu da ke harkar gem a Legas sun ga ƙashin aikin da ke filas ɗina, sun ce in na gama bautar ƙasa in je mu sake gina shi tare. Na amsa. Daga nan zan wuce, ba zan biyo ta gida ba. Za a nemi wasu su yi muryoyin. Sunayen ma ƙila a canja su, sun ce na nan sun yi wa 'yan can nauyi.

Ki kula da cin abincinsa. Ki ce ina gaishe shi.

Yayanki,
Mudassir

*

Sabon Gari, Wudil

Zuwa ga Babba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. An ce kana gaishe ni, ina amsawa. Na ga ƙanwarka tana ɓoye waya, na sa ta karanta mini duka.

Ba haƙuri na zo ba ka ba. Faifan nan da ciwonsa aka sayar mini, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa abin da na yi zai yi.

Na koma Kano na sayo esesdin, ba a wajen Bilya ba. Ni na ɗaura shi da hannuna. Na mayar da kwamfutar ɗakinka, na ja mata wayar wuta daga shago. Gaskiyarka a wuri ɗaya: kafin in gyara zama ta tashi. Ba kuka, ba jira. Sai allo shuɗi, ba kowa a ciki. Na kunna ta sau ɗaya, na rufe ta da zane.

An ce Legas za ka, ba za ka biyo ta nan ba. Ni ma da na bar Dagumawa ban waiwaya ba, don haka ba zan hana ka ba. Allah ya ba da sa'a.

Amma abu ɗaya nake so, kuma ba roƙo ba ne. Mai jirgin nan ba za a canja masa suna ba, ko ya yi musu nauyi ko bai yi ba. Kuma a ƙarshen wasan, inda sunayen waɗanda suka yi aiki suke hawa sama, a sa cewa kwamfutar da aka fara shi a kanta Garzali Isyaku Dagumawa ne ya haɗa ta, a Sabon Garin Wudil, ba wanda ya taimake shi. Da manyan baƙaƙe, yadda mai raunin ido zai gani.

Matar da ke gaɓa kuwa, a bar ta ta ɗaga hannu kawai. Kada ka sa wata ta kira sunan. A rubuta shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garzali Isyaku Dagumawa